Yadda Ake Kulle Ƙwayoyin Halitta Cikin Kafson Haidirojel Don Tantance Enzayim Miliyoyi

A ce kana da enzayim, wato furotin da ke hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani, yana aiki, amma bai kai yadda kake so ba. Wataƙila yana da nawa, ko zafi kaɗan ke kashe shi. Hanyar da aka fi bi a yau ita ce a yi wa ƙwayar gadonsa sauye-sauye barkatai, a samu nau'o'i masu ɗimbin yawa, a gwada su, a ɗauki waɗanda suka fi, a sake maimaitawa. Wannan dabara ce ta sa Frances Arnold ta samu rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018. Samar da nau'o'in ba wuya, mako guda ya isa a haɗa miliyoyi. Inda gizo ke saƙar shi ne gwajin.

Yi lissafi ka gani. Nau'i miliyan 10 a faranti mai ramuka 96 yana bukatar faranti sama da 104,000. In kowane rami ya ci maikurolita 200, an tashi da lita 2,000 ta sinadari. Amma in ka mayar da kowane rami ɗan ɗigon da faɗinsa maikuromita 30 ne, cikinsa kusan fikolita 14 ne (fikolita biliyan ɗaya ke yin mililita ɗaya), ɗigo miliyan 100 kuma gaba ɗayansu mililita 1.4 ne. Dan Tawfik da Andrew Griffiths ne suka nuna a 1998 cewa ɗigon ruwa cikin mai zai iya zama ɗakin gwaji mai zaman kansa. A 2010 wani aiki da aka yi a Jami'ar Harvard ya tantance gwaji kusan miliyan 100 cikin awa 10 da irin waɗannan ɗigo.

To me ya kawo haidirojel, wato jel mai riƙe ruwa? Ɗigon ruwa cikin mai ba ya wankuwa, ƙara masa wani abu sai da dabara, kuma na'urar FACS, wato na'urar da ke ware ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya da hasken leza, da ruwa take aiki ba da mai ba. In ɗigon ya daskare ya zama jel, sai ka cire man, ka riƙe ɗan kafso mai ƙwari wanda za ka wanke, ka canja masa ruwa sau nawa ka ga dama, ka ajiye shi a firji, ka zuba shi a na'urar da dakunan bincike da yawa suka riga suka mallaka.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna maka a rai tun yanzu, domin duk matakan da ke gaba a kansa suke. Jel raga ne, ba kwalba ba. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, ramukansa kuma sun isa ƙananan sinadarai su shiga su fita yadda suke so, har furotin da dama suna ratsawa. Ƙwayar halittar da ke ɗauke da nau'in enzayim ɗin ba za ta fita ba, amma rini mai hasken da kake son aunawa don sanin aikinsa zai iya sulalewa cikin minti kaɗan. Aikinka duka shi ne ka riƙe abu uku wuri guda: DNA, enzayim ɗin da ya fito daga gare shi, da alamar aikin da enzayim ɗin ya yi. Da zarar ɗaya ya rabu da sauran, abin da na'ura za ta ware maka caca ce.

Mataki na farko: yanke shawarar yadda alama za ta tsaya

Kada ka taɓa famfo ko allo, wato ɗan faifai mai siraran hanyoyi da ake yin ɗigo a cikinsa, tukuna. Zauna da takarda ka amsa wannan tambaya: idan enzayim ya ci abincinsa, wato sinadarin da yake sarrafawa, me zai yi ƙyalli, kuma me zai hana ƙyallin fita?

Hanya ta ɗaya ita ce a yi wa kafson bango. Ana gauraya agaros da aljinet, wanda ke ɗauke da cajin lantarki negatif, sai a saki kafson cikin ruwan da ke da folima, wato sinadari mai doguwar sarƙa, mai caji fozitif. Nan take su biyun suke manne wa juna a saman kafson su zama siririn bango. Rukunin Florian Hollfelder na Jami'ar Kambirij ne suka fito da wannan a 2014, suka inganta enzayim fosfotirayestares da shi. Bangon yana tsare enzayim da fulasmid, wato zoben DNA mai ɗauke da ƙwayar gadonsa, amma ƙaramin rini kamar fuloresin zai wuce abinsa, don haka sai an ɗaura abincin enzayim ɗin a jikin wani babban abu, kamar guntun DNA ko folima, domin abin da ya fito ya maƙale a ciki.

Hanya ta biyu ita ce alamar ta liƙe da kanta. In enzayim ɗinka yana fitar da haidirojin ferokzayid, kamar yadda dangin oksides suke yi, sai ka sa enzayim ferokzides da rinin tiramid. Ferokzides zai mayar da rinin wani abu mai saurin kamawa, ya manne a furotin mafi kusa kafin ya yi nisa. Akwai kuma masu juya dabarar baki ɗaya: rukunin Michael Nash a Bazel da na Ulrich Schwaneberg a Aken sun sa enzayim ɗin ne da kansa yake gina jel mai ƙyalli a jikin ƙwayar da ke ɗauke da shi. Mai aiki ya samu riga, marar aiki ya tsaya tsirara. A nan ba ka ma bukatar ɗigo.

Hanya ta uku, a nemi abincin da abin da yake haifarwa ba ya narkewa a ruwa, yana kwantawa a inda aka yi shi. ELF-97, abincin enzayim na dangin fosfates, misali ne. Ta huɗu kuwa ita ce a ɗaura rayuwar ƙwayar a kan aikin enzayim, ta yadda mai enzayim nagari ne kaɗai zai hayayyafa ya cika kafso.

Ni dai ra'ayina, duk wadda ka zaɓa, ka tambayi kanka ko abincin gwajin ya yi kama da na ainihi. Mutanen wannan fage suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, cewa abin da ka tantance shi za ka samu. In ka rataya wa abincin ƙaton rini domin ya yi haske, kada ka yi mamaki in bayan zagaye uku ka samu enzayim da ya ƙware wajen cin mai rinin, ya kuwa manta da wanda ka dame shi dominsa.

Mataki na biyu: zaɓen jel

Agaros shi ne mafi sauƙin sha'ani. Sanyi kawai yake bukata ya daskare, ba ya taɓa lafiyar ƙwaya, ba ruwansa da irin gishirin da ke cikin ruwanka. Nemi irin wanda ba ya daskarewa sai zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, domin ka iya gauraya shi da ƙwayoyi masu rai a digiri 30 zuwa 37 yana ruwa-ruwa. Kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ya wadatar. Ƙasa da haka kafson zai yi laushi ya fashe a na'ura, sama da haka ya yi kauri ya ƙi tsinkewa ɗigo-ɗigo.

Aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa, da kalsiyam yake daskarewa. Tun 1980 Lim da Sun suka kulle ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikinsa, don haka an san halinsa sarai. Kyansa shi ne narkar da shi ba wahala: sitiret ko EDTA, sinadarai masu kama kalsiyam, su janye shi, kafso ya watse, ƙwaya ta fito da ranta. Matsalarsa kuma daga nan take. In ka haɗa shi da kalsiyam kai tsaye a allo, tun a mahaɗar zai daskare ya toshe hanya. Shi ya sa ake ɓoye kalsiyam ɗin a cikin EDTA, a gauraya da aljinet ba abin da ya faru, sai bayan ɗigon ya fita a kawo mai mai ɗauke da ɗan asid na asetik. Asid ya ratsa ciki, EDTA ya saki kalsiyam, jel ya kama. Amma tsami yana wahalar da ƙwayoyi, don haka kada su daɗe a ciki, minti kaɗan ka fitar da su zuwa ruwan bafa, wato ruwan da ke daidaita tsami.

Jel na folimar PEG da ake daskarar da shi da hasken ultirabayolet ya fi su ƙwari kuma an fi iya sarrafa girman ramukansa, sai dai hasken da sinadarin da ke tayar da daskarewar suna iya lahanta DNA. Wanda yake farawa, ya fara da agaros.

Mataki na uku: shirya ƙwayoyi da lissafin yawansu

A ce taskar nau'o'inka, wato tarin ƙwayoyin gadon da ka sauya, ta riga ta shiga bakteriyar E. coli ko yis. In da PCR mai kuskure ka yi ta, wato dabarar ninka DNA da ke sa kurakurai da gangan, sauyi ɗaya zuwa uku a kowace ƙwayar gado shi ne daidai, domin in sun yi yawa galibin enzayim ɗin matattu za su fito. Ka tayar da samar da furotin, ka wanke ƙwayoyin sau biyu ko uku. Wankin nan ba ado ba ne. Ruwan da suka girma a ciki yana ɗauke da enzayim daga waɗanda suka fashe, in ya bi su kowane kafso zai yi haske, har wanda ba kowa a cikinsa. Daga nan ka tace su da matata mai ramin maikuromita 10 zuwa 20 domin raba waɗanda suka cure.

Ƙwayoyi ba layi suke bi su shiga ɗigo ɗaya-ɗaya ba, sa'a ce, kuma lissafin Poisson ne ke faɗin yadda za ta kaya. In a matsakaici ƙwaya ɗaya ce ga kowane ɗigo, kusan kashi 37 cikin ɗari za su fito wayam, kashi 37 da ƙwaya ɗaya, kashi 26 da biyu ko fiye. Wannan kashi 26 ɗin masifa ne, domin rago zai hau bayan gwani su wuce tare. In ka sauke matsakaicin zuwa 0.3, wayam kashi 74, mai ɗaya kashi 22, mai fiye da ɗaya ƙasa da kashi 4. A 0.1 kuwa wayam kashi 90, mai ɗaya kashi 9, mai fiye da ɗaya bai kai rabin kashi ɗaya ba. A zagayen farko, inda kake son ka leƙa kowane lungu na taskar, 0.3 ya yi. A zagayen ƙarshe, inda tsabta ta fi muhimmanci, sauka zuwa 0.1.

Ga yadda ake mayar da shi yawan ƙwaya: raba matsakaicin da girman cikin ɗigo. Ɗigon fikolita 14 a 0.1 yana bukatar ƙwaya kusan miliyan 7 a kowace mililita. In ruwa biyu ne ke haɗuwa daidai wa daida a allon, na ƙwayoyi da na abincin enzayim, to ka ninka komai sau biyu, domin kowanne zai tsarma ɗan'uwansa. Mutane da yawa nan suke tuntuɓe. Kuma kada ka dogara da awon duhun ruwa kaɗai wajen sanin yawansu, ka ƙirga su a ƙarƙashin madubi ko ka shuka su a faranti.

Sau nawa za ka zagaye taskar? In ka gwada ƙwayoyi ninki uku na yawan nau'o'in, ka taɓa kusan kashi 95 cikin ɗari. Taskar miliyan ɗaya ke nan tana son ƙwaya miliyan 3, wato ɗigo sama da miliyan 30 a matsakaicin 0.1. In allonka yana fitar da 5,000 a daƙiƙa, aikin kusan awa biyu ne. Gara ka san haka tun da safe.

Mataki na huɗu: yin ɗigo

Allon da aka fi amfani da shi na roba ne mai suna PDMS, an manna shi a gilashi, da hanyoyi sirara kamar gashi. Ruwa yana tahowa ta tsakiya, mai yana matso shi daga gefe biyu, a ƙuƙumin mahaɗar sai ruwan ya riƙa tsinkewa. Dole cikin hanyoyin ya zama mai ƙin ruwa, in ba haka ba ruwan zai kwanta a bango ya yi ta zuba kamar zare. Ana shafe su da Aquapel ko makamancinsa kafin a fara. Man kuwa mai fulorin ne, irin su HFE-7500, da kashi 1 zuwa 2 na sinadarin da ke hana ɗigo haɗewa. Wannan mai yana ɗaukar iskar oksijin sosai, abin da ke taimakon ƙwayoyi masu rai. Kamfanin 3M da ya saba yin sa ya sanar tun 2022 cewa zai bar harkar wannan dangin sinadarai, don haka in ka koma wani madadi, ka sake gwada komai daga farko, kada ka ɗauka ɗaya suke.

Fara sakin mai, ka bari ya cika hanyoyin ya kori iska, sannan ka saki ruwa. Gudun mai ya ninka na ruwa sau biyu zuwa huɗu. Zubar da abin da ya fito a mintunan farko. Ka tara kaɗan, ka duba a madubi, ka auna faɗin ɗigo hamsin ko ɗari, ka ƙirga nawa ne ke da ƙwaya. In ƙirgar ta saɓa wa lissafinka na Poisson, tsaya ka nemo dalili.

Abu biyu ke yawan ɓata wannan mataki, kuma duk biyun sun taɓa cin ni. Na farko sanyi. Na taɓa ɗumama sirinji da kyau, na manta da siririn bututun da ke tsakaninsa da allo, ga na'urar sanyaya ɗaki tana busowa kai tsaye a kansa. Minti ashirin komai lafiya, sai ɗigon suka fara fitowa manya da ƙanana, sannan suka tsaya cak. Da na zare bututun na matsa, sai ga agaros ya fito a daskare kamar tsutsa. Tun daga ranar nake gajarta bututu iyakar iyawa, in ɗumama hanyar tun daga sirinji har allo. Na biyu nauyi. Ƙwayoyi suna kwantawa a gindin sirinji, musamman yis, ta yadda ɗigon farko da na bayan awa ɗaya ba yawan ƙwayarsu ɗaya ba. Maganinsa a ƙara OptiPrep, sinadarin ƙara wa ruwa nauyi, har nauyin ruwan ya yi daidai da na ƙwayoyin, ko a jefa ɗan mitsitsin maganaɗisu cikin sirinjin yana motsawa a hankali.

Wanda ba shi da allo zai iya kaɗa ruwan da man da injin girgizawa, ɗigo za su fito. Sai dai girmansu zai bambanta, kuma ɗigon da ya ninka wani sau biyu a faɗi ya ninka shi sau takwas a ciki. Haske zai riƙa bin girman kafso maimakon ƙwazon enzayim. In dole ce ta sa, a tace da matata biyu a ɗauki na tsakiya, a kuma sa wani rini na daban a jikin jel ɗin domin a riƙa gwada hasken aiki da shi.

Mataki na biyar: a fasa ƙwayar ko a bar ta ta hayayyafa

Enzayim yana cikin ƙwaya, abincinsa yana waje. In abincin ba ya ratsa fatar ƙwayar, zaɓi uku gare ka. Ko ka fasa ta a cikin ɗigon da lisozayim da ɗan sabulun fasa ƙwaya, waɗanda za su shigo ta hanya ta biyu su haɗu da ita a mahaɗa, ba a sirinji ba. Ko ka sa enzayim ɗin ya fito ya rataya a bayan ƙwayar, kamar tsarin yis da Boder da Wittrup suka fitar a 1997. Ko kuma ƙwayar ta riƙa fitar da shi waje, ka kafa masa tarko a jikin jel ɗin ya kama shi.

Awon ƙwaya guda ba shi da tabbas. 'Yan'uwa biyu masu DNA iri ɗaya sak, wata za ta iya ninka wata yawan furotin, don kawai ɗaya ta tsufa ɗaya yanzu ta rabu. Nan ne jel ya fi ɗigo zalla: kana iya barin ƙwayar ta hayayyafa a ciki. Rabuwa goma ta mayar da ɗaya sama da dubu, bambancin ya daidaita, haske ya ƙaru, DNA ɗin da za ka kwaso daga baya ma ya yawaita. Amma ka sa ido. In gungun ya cika kafso zai huda ya fito, waɗanda suka tsere su bazu cikin ruwan su hau kan sauran. Ya fi aminci a yi renon tun kafson na cikin mai. Sannan mai saurin girma zai fi haske ko da enzayim ɗinsa ba wani abin kirki ba ne.

Lokacin da za ka bar enzayim da abincinsa ma abin lura ne. In ka bar su har kowa ya cinye nasa, gwani da rago duk haskensu ɗaya. Ka tsayar da aikin lokacin da enzayim na asali bai ci fiye da kashi 10 zuwa 20 ba, domin a bar wa wanda ya fi shi filin nuna kansa. Ana tsayarwa da zafi, ko da sinadarin da ke toshe enzayim, ko da canja tsamin ruwa. A zagaye na gaba sai a rage lokacin.

Mataki na shida: daskarwa da cire mai

In agaros ne, ɗora bututun a kan ƙanƙara minti 15 zuwa 30. Kafso za su taru a sama kamar farin kumfa, domin man ya fi ruwa nauyi. Zuƙe man daga ƙasa da bakin fifet. Zuba ruwan bafa a sama, ka ƙara fafuloro-oktanol kusan kashi 20 cikin sabon mai, ka juya a hankali. Shi zai kwance rigar da ke hana ɗigo haɗewa, kafson su haura cikin ruwa. In bango za ka yi musu, to ruwan da za su faɗa ciki ya zama yana ɗauke da folimar tun farko, kuma da yawa, domin in ta yi kaɗan sai ta riƙa haɗa kafso biyu uku wuri guda.

Wanke su sau uku da na'urar juyi a hankali, ka sa ɗan Tween ko Pluronic don kada su manne a bango. Tace da matatar maikuromita 40. Ragowar man da ke da fulorin a tara shi a kwalba ta musamman, ba a zuba shi a magudana. Duk abin da ya taɓa ƙwayoyin da aka sauya wa gado kuma sai an kashe shi da tururi kafin a zubar.

Mai aljinet ya kiyayi fosfet. Ruwan PBS da kowa ke miƙa hannu ya ɗauka ba tunani yana janye kalsiyam sannu a hankali, ka dawo ka tarar kafso sun kumbura sun narke. Yi amfani da ruwan bafa na HEPES da ɗan kalsiyam kulorayid. Ka kuma tambayi mai kula da FACS wane ruwa ke gudana a na'urarsa, domin galibi shi ma mai fosfet ne.

Mataki na bakwai: gwajin gauraye, kafin ka taɓa taskar

Wannan shi ne matakin da mai gaggawa ke tsallakewa, ya yi asarar wata uku. Ɗauki ƙwaya mai enzayim na asali, da wata mai enzayim ɗin da aka kashe da gangan ta hanyar sauya amino asid guda a inda yake aiki. Kada ka yi amfani da ƙwayar da ba ta da fulasmid, domin girmanta daban ne. Yi kafson kowanne daban, ka duba haskensu: tsibi biyu ya kamata ka gani, a rabe sarai. Sai ka zuba kafson biyu a bututu ɗaya, ka auna nan take, ka auna bayan awa ɗaya, ka auna bayan awa huɗu. In tsibin duhu ya fara tasowa yana matsowa kusa da mai haske, alamarka tana yoyo, ka koma mataki na farko. Rini irin su resorufin da kumarin sun yi ƙaurin suna wajen ƙaura daga ɗigo zuwa ɗigo ta cikin mai, fuloresin ya fi su zama wuri ɗaya.

In wannan ya yi kyau, gauraya ƙwayoyin tun kafin kullewa, mai aiki ɗaya cikin marasa aiki dubu. Bi duk matakan, ka ware masu haske, ka shuka, ka ƙirga. In daga ɗaya cikin dubu ka koma ɗaya cikin biyar ko goma, tsarinka yana aiki. In ka koma ɗaya cikin ɗari biyar, ba taskar da za ta cece ka.

Mataki na takwas: warewa

Bakin feshin FACS yakan zo da faɗin maikuromita 70, 85, 100 ko 130. Ƙa'idar da masu na'urar ke bi ita ce abin da zai wuce kada ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin bakin, wasu ma sun fi son ɗaya cikin biyar. Kafson maikuromita 30 sai baki mai 100 ko 130, da matsin ruwa kaɗan. Tun kafin ka zaɓi allo ya kamata ka san wannan. Kafson da ya fi haka girma sai na'urorin manyan abubuwa irin su COPAS, su kuma ba su da sauri.

Jel kusan ruwa ne, ba ya watsa haske sosai, don haka na'ura tana iya kasa ganinsa, musamman wanda ba kowa a ciki. Wannan wani lokaci alheri ne: in ka sa na'urar ta riƙa farkawa da ƙyalli maimakon watsuwar haske, wayam ɗin nan kashi 90 ba za su ci maka lokaci ba. Ka fitar da waɗanda suka manne biyu-biyu. In enzayim ɗinka yana da wata alama ta biyu da ke nuna yawansa, kamar jan furotin da aka liƙa masa, to ka zana shingenka, wato iyakar abin da na'urar za ta ware, a karkace, ka ɗauki masu hasken aiki da yawa a kan furotin kaɗan. In ba haka ba, abin da za ka tara masu yawan samarwa ne, ba masu iya aiki ba.

A zagayen farko kada ka tsananta, ɗauki kashi 1 zuwa 2 na sama. Can ƙololuwa, inda haske ya wuce hankali, yawanci tarkace ne da kafso masu ƙwaya uku. Daga zagaye na biyu sai ka matse zuwa rabin kashi ɗaya ko ƙasa.

Mataki na tara: kwaso DNA da tabbatarwa

Abin da ka ware wataƙila kafso dubu kaɗan ne a gindin bututu, ido ba ya ganinsu. Tara su a bututun da DNA ba ya manne masa, da ɗan ruwa a ciki tun farko. Agaros ana narkar da shi da enzayim agares ko da ruwan narkar da jel na kayan tsarkake DNA, aljinet da sitiret. Mai bango sai an fara kwance bangon da gishiri mai yawa ko ruwa mai kaifin alkali. In ƙwayoyin na da rai, shuka su kai tsaye. In an fasa su, ko ka tura fulasmid ɗin cikin sababbin ƙwayoyi da wutar lantarki, ko ka ninka ƙwayar gadon da PCR marar kuskure, da zagaye kaɗan iyakar abin da zai isa. Ƙirga gungun da suka tsiro. In ba su kai yawan kafson da ka ware ba, ka zubar da wasu gwanayen a hanya.

Duk wanda ya fito daga nan, zato ne kawai ake yi masa. Tsinci gungu ɗari ko ɗari biyu, ka koma farantin nan mai ramuka 96 da ka guje wa da farko, ka sa na asali a ramuka da dama don gwadawa. A wannan karon ka ba su abincin ainihi, ba mai rini ba. Goma ko ashirin da suka yi fice ka karanta jerin DNA ɗinsu. Sau da yawa za ka tarar rabinsu abu ɗaya ne ya maimaita kansa, wasu kuma sauyin nasu ba a jikin enzayim yake ba, a wurin da ke sarrafa yawan samar da shi ne. Waɗanda suka rage ka tsarkake furotin ɗinsu, ka auna saurinsu da ƙarfin kamunsu a kan adadi ɗaya da na asali, ka gwada jurewarsu ga zafi, domin sauyin da ke ƙara sauri yakan rage ƙwari. Biyu ko uku da suka tsallake wannan su ne iyayen taska ta gaba, kuma kafin ka kulle ta sai ka sake gwajin gauraye, wannan karon da sabon gwanin a matsayin mai aiki da tsohon na asali a matsayin rago.